Kaza Ta Goma Sha Ɗaya

Kafin ku fara yi min faɗa a ƙasan rubutun nan, ku sani na riga ku. Na zagi kaina tun daga gadar Rewa har ƙofar gidanmu, kuma ban gama ba. Sunana Vasiti, shekarata ashirin da bakwai, ina sayar da magani a wani kanti a garin Nausori, a nan tsibirinmu, kuma ni ce yarinyar da ta ɗauki aurenta ta ɗora a kan kaji goma sha ɗaya. Ba wanda ya sa ni. Bakina ne, kun kuwa san baki shi ke yanka wuya.

Abin ya faro ne wata Lahadi bayan an taso daga coci. An shimfiɗa tabarma a baranda, an jera gwaza da rogo da kifi cikin madarar kwakwa, ga miyar ganyen gwazar nan da Bubu, kakata, ba ta yarda kowa ya dafa sai ita. Baba na gefe yana cire ƙaya a kifinsa. Nei Torika, yayar Baba, wadda ta naɗa kanta gwamnar gidanmu tun rasuwar mahaifiyata ba tare da an yi zaɓe ba, ta gyara zama cikin doguwar rigarta mai manyan furanni, ta yi gyaran murya. Da na ji gyaran muryar nan na san abincin ya gama yi min daɗi.

"Uwar Sakiusa ta sake tare ni a bakin coci," in ji ta. "Me zan ce mata?"

"Ki ce mata ina gaisuwa, Nei."

"Gaisuwa ake aura? Yaro yana da aikinsa, ba ya raba dare a gindin kwanon yangona yana shan jiƙon saiwar nan mai kashe jiki kamar wasu, ba ya ɗaga murya. Me kike nema, mala'ika?"

Bari in gaya muku waye Sakiusa. Yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani siton shinkafa da fulawa a Suva. Hoton da ya sa a wayarsa ba fuskarsa ba ce, motar ce. Ranar da ya fara zuwa gidanmu na ɓata awa guda gaban madubi, na ɗaura sabon sulu, zanen nan namu da maza da mata ke ɗaurawa, na maƙala fure a kunne, shi kuwa ya shigo da takalmin ruwa, ya gaishe ni, ya zauna da Baba suka yi awa biyu suna maganar famfon da ke yoyo. Da zai tafi sai ya gyara famfon. Abin da na samu ke nan a zuwan farko.

"Ni ba na bukatar namiji ya riƙe ni," na ce. "Ina riƙe da kaina."

Nei ta ajiye cokali. "Ke? Ke da kika kasa riƙe kaji? Uwarki ta bar miki goma sha tara. Yanzu nawa ne?"

Nan ta taɓa ni inda yake ciwo. Kajin nan su ne abin da Mama ta bari mai numfashi. Tunku ya yi ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya da rana tsaka, yana fitowa daga ciyawar bayan gida kamar mai zuwa karɓar rabonsa, har suka koma goma sha ɗaya. Da ina da hankali da na yi shiru na ci rogona. Sai na ji bakina yana cewa:

"Ki ba ni wata ɗaya. Zan yi musu shinge da hannuna. In tunku ya sake ɗaukar ko ɗaya, mutanen Sakiusa su zo da tambuwarsu, ba zan ce uffan ba. In kuwa goma sha ɗaya suka cika, kada a sake kawo min sunan kowa a kan tabarmar nan."

Tambuwa, haƙorin babban kifin tekun nan da ake neman aure da shi, ba abin da ake sa wa a baki da wasa ba ne. Baba ya daina cire ƙaya. Nei ta yi murmushin da ban taɓa gani a fuskarta ba, ta ce, "Kowa ya ji ko? Lahadi ta huɗu, bayan coci, ni zan ƙirga da kaina."

Bubu dai ta ce, "Miƙo min gishiri."

Washegari na gane cewa yin cika baki ya fi yin shinge sauƙi. Da me zan yi shi? Na ga wata mata a waya ta kewaye kajinta da katakon nan da ake jera buhuna a kai a sito, ta tsayar da su a jere kamar danga, abin gwanin kyau. To wa ke da irin wannan katakon a duk wanda na sani? Kun riga kun gane.

"Ki yi masa kerekere mana," in ji Bubu, tana saƙar tabarmarta ba ta ko ɗago ba.

"Bubu, shi fa nake ƙoƙarin gudu."

"To ki gudu da katakonsa."

Kerekere ba a ƙin sa. In ka roƙi naka da wannan kalmar zai ba ka ko da rigar jikinsa ce, amma ka sani ranar da ya zo da nasa roƙon kai ma ba ka da bakin cewa a'a. Na san wannan sarai. Na zauna na rubuta na goge har sau shida, daga ƙarshe na tura: "Kerekere, ina son tsohon katakon sitonku guda goma sha huɗu." Ko gaisuwa ban sa ba, don kada ya ɗauka wani abu ne.

Ya amsa: "To. Asabar."

Asabar kuwa sai ga shi a bayan motar wani abokinsa, da rigar aikinsa mai ruwan lemo da takalmin ruwan nan. Ya sauke katako goma sha huɗu ya jingina su da bishiyar mangwaro.

"Na zaɓo waɗanda ba a fesa wa magani ba," ya ce, "don kaji suna tsattsagar katako. In kina so in tsaya in..."

"Na gode. Da hannuna na ce."

Ya kalli katakon, ya kalli ciyawar bayan gida, ya buɗe baki.

"Sakiusa, na gode."

"To. Zan turo miki saƙo."

Ya kuwa turo. Saƙon murya, minti ɗaya da rabi, tun motarsu ba ta kai titi ba. Ban buɗe ba. Ku bar ni in kare kaina a nan, ko sau ɗaya ne. Akwai wani Epeli da ya tafi tsinkar 'ya'yan itace a Ostareliya, ya shekara uku yana cika min waya da saƙon murya, "hasken idona, ba na iya barci," har na haddace wasu. Saƙonsa na ƙarshe hoton ɗaurin aurensa ne. Tun daga nan in na ga saƙon murya daga namiji, na san zuma ce aka zuba a kan ƙaya. Na ce a raina, ashe shiru-shirun nan ma ya iya? To ya ajiye zumarsa.

Na yi aiki, jama'a, wannan kam ba za a ƙwace min ba. Na haƙa ramuka na kafa turaku, na tsayar da katako ɗaya bayan ɗaya na buga ƙusa, na buge babban yatsana har farcen ya yi baƙi. Ruwan sama ya dake ni sau biyu. Na yi ƙofa da katako guda, na ɗaure ta da tsohuwar tayar keke. Da na gama na sayo fenti shuɗi na shafe shi tas, na ɗauki hoto ina riƙe da guduma, na sa a waya na rubuta: "Mace ma ta iya." Mutum tamanin da uku suka nuna sun so. Sakiusa bai nuna komai ba, sai ya turo saƙon murya na biyu.

Baba ya zo ya zagaya shingen, ya zura hannunsa ta tsakanin katako biyu har wuyan hannu, ya zaro, ya kalle ni.

"Baba, kar ka ce komai."

"Ni na yi magana?"

Sati ɗaya, kaji goma sha ɗaya. Sati biyu, goma sha ɗaya. Kullum in na sauko daga bas da yamma sai na fara leƙa su kafin in cire takalmi, in ƙirga da ƙarfi yadda Nei za ta jiyo daga gidanta. Na fara tafiya ina ɗaga kai. A coci na gaida uwar Sakiusa da fara'a irin ta wanda ya riga ya ci zaɓe. Saƙonni kuwa suna ta taruwa: uku, huɗu, biyar. Na ce wa Bubu, "Kin ga mutuminki ya kamu, kullum sai ya yi min waƙa."

"Kin ji waƙar?"

"Ba sai na ji ba."

"Uhm," in ji Bubu.

Ranar Juma'ar ƙarshe, saura kwana biyu Nei ta ƙirga, Baba ya kai Bubu asibiti a duba mata ido. Na dawo ƙarfe huɗu da ledar burodi a hannu, na tarar kaji sun takure a kusurwa ɗaya, zakara yana can saman akurki yana ihu bayan hari. A gindin shingen, daidai inda Baba ya zura hannu, jan gashi ne manne a jikin sabon fentina. Na ƙirga sau biyar. Goma. Jar kazar nan ce babu, wadda Mama ta fi so, mai bin ta har cikin kicin.

Na zauna a ƙasa da rigar aikina na yi kuka, kukan gaske, ba don Nei ba kuma ba don tambuwa ba. Kazar Mama na bari aka ja ta rami saboda ina son a ce na iya.

A haka Bubu ta same ni, da audugar asibiti a ido ɗaya. Ta duba gashin, ta nufi gindin mangwaro inda take saƙa, ta ɗauko wani gwangwanin madara ta girgiza. Duwatsu ne cike.

"Sati uku da kwana biyar," ta ce, "ni ce shingenki. Kafaɗata har ciwo take yi don jifar tunku."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa fuskata. Na koma bakin matakala na ciro waya. Saƙonni bakwai. Na ce tunda komai ya lalace bari in sha zumar, ko ta rage min ɗaci. Na danna na farko.

"Vasiti, Sakiusa ne. Katakon nan zai tare kare da alade, amma ba zai tare tunku ba. Duk inda yatsu biyu suka shiga, zai shiga. Ki sa ragar waya mai ƙananan ido ta ciki."

Na biyu: "Na ga hoton. Fentin ya yi kyau. Ba ki sa ragar ba."

Na uku yana bayanin a binne ragar kamar taƙi ɗaya a ƙasa, a lanƙwaso ta waje, don in ya haƙa ya tarar da ƙarfe. Na huɗu maganar rufe sama ce. Na biyar ya ce kada in bar ragowar abinci a ciki da rana. Na shida, ana jin ƙarar injin a bayansa, ya ce yana da ragar da ta rage a gidansu in ina so. Na bakwai daƙiƙa tara ne kacal: "Vasiti, saura kwana biyar. Ki sa ragar."

Ko "ya kike" babu. Ko "na yi kewarki" babu. Sati uku ina yi wa mutum yanga a kan soyayyar da bai furta ba, shi kuwa yana ta fama da ni a kan tunku. Kuma wannan "saura kwana biyar" ɗin ya tsaya min a rai. Ashe ya san da alkawarin. Nei ba ta iya riƙe magana ko ta minti ɗaya, ta kai wa uwarsa tun ranar. Ya san in shingen ya faɗi shi ya ci, amma sau bakwai yana gaya min yadda zan ci galaba a kansa.

Ina riƙe da wayar sai ta yi ƙara. Rubutu ne wannan karon.

"Na ga kin saurari duka bakwai a zama ɗaya. Wacce ya ɗauka?"

Na rubuta: "Ja."

"To. Gobe."

Asabar Nei tana kasuwar Suva tana sayar da gwaza, ba ta dawowa sai yamma. Da hantsi ya iso, naɗin raga a kafaɗa, kwali a hammata. Ban yi kwalliya ba. Tsohuwar rigar ƙwallon Baba ce a jikina, idanuna a kumbure, gashina ya yi tsaye. Ya ajiye kwalin a inuwa, ya miƙo min guduma.

"Da hannunki kika ce. Ni zan riƙe, ke ki buga."

Muka yi awa huɗu. Yana ja ragar yana dannewa, ina bugawa. Muka haƙa gindin shingen zagaye, muka binne, muka rufe sama. Duk inda na ce ya yi, sai ya zura yatsu biyu, in sun shiga ya ce, "Sake." Sau goma sha ya ce min "sake", kuma abin mamaki ban ji haushi ba. Na lura yana da wani ɗan tabo a gira. Na lura in yana auna abu yana ciza leɓe. Ban san me ya kai idona can ba, ni da aka ce in kalli ƙusa, shi ya sa na sake buge yatsan nan dai.

Da muka gama Bubu ta kawo mana shayin ganyen lemo da burodi, ta koma gindin mangwaronta ta juya mana baya, kunnenta kuwa yana wajenmu. Sakiusa ya shanye shayinsa, ya goge hannu a wando, ya jawo kwalin.

"Kin yi min kerekere na ba ki katako," ya ce. "Yau ni ma na zo da nawa."

Na ce shi ke nan, ranar biya ta zo, zai roƙi abin da ba ni da bakin hanawa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne da na laluba zuciyata ban tarar da a'a ɗin da na ajiye a can ba.

Ya buɗe kwalin. Jar kaza ce, girmansu ɗaya da ta Mama, tana ƙifta ido.

"Ta ƙanwata ce. Kerekere, ki sa ta a ciki, kuma kada ki gaya wa kowa. Nei ƙirga take yi, ba ta san fuskokinsu ba."

"Ka san abin da kake yi kuwa? In ta cika goma sha ɗaya..."

"Na sani."

"To don me?"

Ya kalli shingen, ba ni ba. "Ba na so in shiga gidanku ta ramin da tunku ya shiga."

Ya miƙe ya naɗe ragowar ragarsa ya tafi. Ni kuwa na tsaya da kazar mutane a hannu, tana ta harbin cikina.

Lahadi Nei ta sa rigarta ta bikin Kirsimeti. Ba ta tsaya nan ba, sai da ta gayyato Sakiusa cin abinci, wai ya zama shaida. Ya zo da baƙin sulu da farar riga da kwat, takalmi sau ciki, har na kusa tambayarsa ina ya baro na ruwan. Ko tabarma ba a shimfiɗa ba Nei ta ja mu bayan gida, ni da Baba da Bubu da shi. Ta ga raga, ta taɓe baki. Ta ɗaga yatsa ta fara.

"Ɗaya, biyu... ku tsaya mana, 'yan banza... tara, goma, goma sha ɗaya."

Ta sake. Ta cire tabarau ta goge ta sake. Goma sha ɗaya. Na ga kafaɗunta sun sauka, ta zama tsohuwa a gabana, ta ce a hankali, "To. Kin ci. Ba zan sake ba."

Ga abin da na yi wata guda ina nema an miƙo min. Na saci kallon Sakiusa, yana kallon takalminsa. Bubu ta matso da idonta ɗaya ta leƙa ta ragar.

"Ikon Allah," ta ce. "Tun yaushe Ja ta koyi tsayawa a bakin ƙofa kamar baƙuwa?"

Ba wanda ya kula ta. Nei ta juya za ta tafi. Sai bakin nan nawa, wanda ya jefa ni a wannan ramin tun farko, ya sake buɗewa.

"Nei, goma ne."

"Me?"

"Goma ne. Tunku ya ɗauki Ja ranar Juma'a. Waccan baƙuwa ce, ga wanda ya kawo ta nan tsaye."

Nei ta dafe ƙirji. Baba ya yi tari ya juya yana duba mangwaron da ko fure bai yi ba. Sakiusa ya ɗago, karo na farko da ya kalle ni ido cikin ido.

"Vasiti, kerekere fa na yi miki."

"Na sani. Na ƙi."

Tunda aka haife ni ban taɓa jin wanda ya faɗi haka ba, har Nei sai da ta ce, "Yesu!" Amma tunda na fara sai na ƙarasa.

"Ramin tunku mun toshe shi jiya. Ƙofa ce na buɗe maka."

Jama'a, kun san me bawan Allahn nan ya yi? Ya juya ya kalli ƙofar shingen, wadda na ɗaure da tayar keke, ya ciza leɓe, ya ce, "Ƙofar ma a karkace take."

"To ka zo da manyanka su riƙe maka ƙusa," in ji Bubu.

Bai yi dariya ba. Ya gaida Baba, ya gaida Nei, ya ce a yi masa afuwa ba zai iya cin abinci ba, ya fita. Ina jin ƙarar sau cikinsa a kan tsakuwa har ya kai titi. Nei ta zauna a kan bokiti tana fifita da tabarau, ta rasa ko murna za ta yi ko faɗa.

Yanzu haka ina bakin matakala nake rubuta muku wannan, baƙuwar kaza tana can tana cin dukan 'yan gida. Minti ashirin da suka wuce wayata ta yi ƙara. Saƙon murya na takwas, minti huɗu da daƙiƙa goma sha biyu, bai taɓa yin mai tsawon haka ba. Na kai yatsa na janye ya fi sau goma. In na buɗe na tarar maganar ƙofa ce, wallahi ni da kaina zan je in kira tunku.